Rumbun da ba ya hana barci

Ƙarfe biyu da 'yan mintoci na dare inbatarmu ta fara kukan nan nata na ƙarewar batir, can sai fanka ta tsaya cak. Cikin watan Maris ne, kuma duk wanda ya taɓa kwana a ɗaki a nan Sabo cikin Maris ya san abin da tsayawar fanka ke nufi. Yarinyarmu ta goye ta farka da kuka. Uwargida ta tashi zaune, ta haska tocilar waya ƙarƙashin tebur, inda wata tsohuwar kwamfuta ta shafe makonni uku tana gurnani dare da rana, ta ce, “Maigida, don Allah ka zaɓa. Ko akwatin nan ya bar ɗakin nan, ko ni da yara mu bar masa.”

Ban ce uffan ba, don na san gaskiya ta faɗa. Amma kuma ba don wasa na ajiye akwatin ba. Bari in koma baya kaɗan, mai karatu ya ji mafarin abin.

Baba, Allah ya jiƙansa, ɗan kasuwar goro ne, kamar yadda mahaifinsa ya kasance. Tun da aka kafa Sabo a 1916, goro da shanu ne suka riƙe unguwar nan, goro ya yi arewa, shanu su gangaro kudu, kuma gidanmu na cikin gidajen da suka ci abinci a wannan hanya. Da ya rasu bai bar mana wata dukiya ta a zo a gani ba. Abin da ya bari shi ne takardun gidan da muke ciki, da littattafan bashi da ya rubuta da ajami, da hotuna cikin wani tsohon ambulan, da kaset goma sha huɗu na saƙon murya, irin wanda ake ɗauka a rikoda a ba direba ya kai gida Kano, su ma su aiko da amsa. Ni ne mai ɗan ilimin kwamfuta a gidan, don haka 'yan uwa suka ɗora mini amanar. Na ɗauki hoton kowace takarda, na juye kaset ɗin zuwa kwamfuta, na haɗa da bidiyoyin da ke wayata, na zuba duka a faifan ajiya guda ɗaya, irin ƙaramin nan da ake jonawa da waya a gefe.

Wata rana ɗana ya ja wayar faifan yana cikin aiki, ya faɗo daga tebur. Da na sake jona shi sai na ji yana ƙas, ƙas, ƙas. Na kai wa masu gyara biyu, kowa ya girgiza kai. Takardu da kaset suna nan a adaka, na sake aikinsu daga farko. Amma bidiyon sallar ƙarshe da muka yi da Baba, yana zaune a zaure yana tsokanar jikoki, wanda na goge daga waya don in samu wuri, wannan ya tafi ke nan. Har yau Inna kan tambaye ni, “Wai hoton nan mai motsi na Malam, ba ka samo shi ba?” Sai in sunkuyar da kai.

Daga nan na ƙudurta sai na yi wa gidan rumbu. Abin da nake kira rumbu wata kwamfuta ce da ke zaune wuri ɗaya a kunne kullum, haɗe da rautar gida, ta yadda wayar kowa da ke gidan za ta iya zuba mata hotuna da takardu, ta kuma ɗebo su lokacin da aka so, ba tare da an ƙona data ba. Na samu tsohuwar kwamfutar ofis a hannun wani aboki, kyauta, na ce ai na huta. Ashe kyautar ce za ta fi tsada.

Washegarin daren da na ba da labari na ari ma'aunin wuta, ɗan ƙaramin nan da ake sa wa a soket sannan a jona na'ura a kansa. Ya nuna mini wat 60, alhali kwamfutar ba ta aikin komai, zaune kawai take. Na ɗauki biro. Wat 60 sau awa 24 ya ba da 1,440, wato kusan yunit ɗaya da rabi a rana, yunit 43 a wata, yunit 525 a shekara. A watan Afrilun 2024 an mai da yunit ɗaya naira 225 ga waɗanda ke rukunin Band A. A wannan farashi, akwatin kyauta zai ci sama da naira 118,000 a shekara. Mu ba a wannan rukuni muke ba, amma inda muka samu sauƙi a mita, batir ne ke biya. Batirinmu mai bolt 12 ne, amfiya 100, a takarda yana riƙe da wat 1,200 na awa ɗaya, kuma irin wannan batir na ruwa in kana so ya yi ƙarko rabin cajinsa kawai za ka riƙa sha. Saura 600. Fankarmu ta tsaye na jan wajen wat 50. Ita kaɗai za ta kai mu asuba. Ita da akwatin, wat 110, awa biyar da 'yan kai, kafin ma a cire abin da inbata ke sha na kanta. Ka ga dalilin ƙarfe biyun dare.

To, a nan na gane na fara gini daga rufi. Na tambayi kaina wace na'ura ce mai ƙarfi, alhali tambayar da ta dace ita ce wace na'ura ce gidan zai iya haƙuri da ita. Rumbun da aka kashe saboda ƙara ko saboda cin wuta ba ya ajiye wa kowa komai. Sai na rubuta sharuɗɗa uku a bayan takarda. Na farko, kada a ji motsinsa a ɗakin da ake kwana, don ciki da falo muke da shi, ba mu da wani sito da za a jefa shi a rufe ƙofa. Na biyu, kada ya wuce wat 10, wato yunit 7 a wata, yunit 88 a shekara. Na uku, in an ɗauke wuta ba sallama, kamar yadda aka saba, ya iya tashi da kansa ba tare da ya lalata ajiya ba.

Kafin in nemi na'ura sai da na auna kayan da za a zuba. Wannan mataki ne da mutane da yawa ke tsallakewa, su je su sayi wuri mai faɗin da ba za su cika ba har tsufansu. Duk abin da muka mallaka, da hotuna, da takardu, da muryar Baba, da karatuttukan da Inna ke saurare, bai wuce gigabait 310 ba. Murya ba ta da nauyi: awa ɗaya a tsarin MP3 na yau da kullum ba ta kai megabait 60 ba, ko an bar ta ba matsi kamar ta faifan CD ma wajen megabait 635 ce. Bidiyo ne mai cin wuri. Na ga terabait ɗaya zai ishe mu shekaru, in dai ba finafinai za mu tara ba.

Abu na farko da na duba shi ne tsohuwar laftof ɗina. Gaskiya ga wanda ba shi da kuɗin sayen komai, wannan hanya ce mai kyau: ba ta cin wuta kamar ta tebur, ga allo, ga batirinta a jiki wanda zai riƙe ta in wuta ta ɗauke. Matsalarta biyu ce. Ƙaramar fankar da ke ciki tana da wani siririn kuka da ke shiga kunne da dare, don fanka in ta yi ƙanƙanta dole ta yi gudu kafin ta kori zafi. Sannan batirin laftof da aka bari a jone da caji wata da watanni cikin zafi yakan kumbura, kuma kumburarren batir ba abin kwana da shi ba ne a ɗakin yara.

Na biyu shi ne Raspberry Pi 4, 'yar kwamfutar nan da ba ta fi tafin hannu ba, wadda ta fito a 2019. Wat 3 zuwa 7 take ci, kuma ana iya barin ta ba fanka. Ta burge ni ƙwarai. Sai dai a yadda aka saba amfani da ita, a kan katin memori take tashi, shi kuwa katin memori ba ya jure a yanke masa wuta yana tsakiyar rubutu. Kofofinta na USB kuma gaba ɗaya amfiya 1.2 suke iya bayarwa, don haka in ka rataya mata faifai biyu masu juyawa sai ka ƙara musu wani abin ba da wuta daban. Da na lissafa gidanta, da caja, da wannan, da wancan, sai na ga tarin wayoyi ne a kan kanta, ga shi a gidanmu waya mai lilo ta riga ta yi mana ɓarna sau ɗaya.

Na uku su ne rumbunan da kamfanoni irin su Synology da QNAP ke haɗawa takanas don wannan aiki. Suna da sauƙin sarrafawa, ka zura faifai ka kunna. Amma da dala ake auna kuɗinsu, mu kuwa 'yan Sabo ba sai an gaya mana yadda dala take ba, a bakin titinmu ake canjinta. Ban da haka, akasarinsu manyan faifai masu inci uku da rabi ake sa musu, kowane ɗaya na cin wat da dama, yana kuma da wani gunji da ke bin katako. Ga mai shago ko ofis, madalla. Ga ɗakin kwana, a'a.

Ƙanena da ke zaune a Agege shi ya nuna mini hanya ta huɗu. Ya ce, “Yaya, ka manta da waɗannan. Ka zo Ikeja mu shiga Computer Village, akwai wasu ƙananan kwamfutoci tokunbo da ofisoshin Turai suka yi ritayarsu, ko fanka babu a cikinsu.” Na bi motar safe na same shi. Abin da muka ɗauko shi ne Dell Wyse 5070, baƙar aba mai girman littafi mai kauri. An yi irinsu ne don ma'aikacin ofis ya riƙa leƙa babbar kwamfutar kamfani daga teburinsa, shi ya sa ba a sa musu ƙwaƙwalwa mai cin wuta ba. Tamu Intel Celeron J4105 ce a ciki, wadda aka tsara a kan wat 10. Zafinta ta ramukan jiki yake fita, ba abin da ke juyawa. Akwai kuma sababbin ƙanana masu Intel N100, wadda ta fito a 2023, sun fi ta sauri, amma da yawansu na da ƙaramar fanka, ni kuwa na riga na yi alkawari a gida.

Mai shagon ya yi ta ƙoƙarin tura mini wata babba. “Alhaji, wannan ƙarama ba ta da ƙarfi, ɗauki wannan.” Na ce masa ba tsere za ta shiga ba. Miƙa hoto da karɓar takarda ba aiki ne mai nauyi ba. Kofar kebul ɗinta mai gigabit ce, tana iya wuce da wajen megabait 110 a daƙiƙa ɗaya, wanda ya fi abin da wayoyin gidanmu za su iya turowa ta iska.

Sai batun faifai, wanda a nan ne ainihin amanar take. A cikin na'urar na sa SSD mai terabait ɗaya. SSD ba shi da abin da ke motsi, ba ya ƙara, wutar da yake ci a zaune ba ta taka kara ta karya ba, kuma ko ya sha girgiza ba ya yin ƙas, ƙas ɗin nan da har yau nake ji a kunnena. Amma shi ma yana da halinsa: in zai mutu sau da yawa ba ya ba da sanarwa, kuma ba a so a jefa shi a adaka shekaru ba wuta a ce an yi ajiya. Don haka na ƙara faifai mai juyawa, ƙarami mai inci biyu da rabi, wanda wutar USB kaɗai ta ishe shi. Na ɗaure shi a jikin kanta da roba, wayarsa gajera, ta bayan na'ura. Sau ɗaya yake farkawa a rana, bayan azahar lokacin da ba mai barci, ya kwafi abin da ya ƙaru, ya koma ya kwanta.

A nan zan ja kunnen 'yan uwa, don araha ba ta ado. Na'ura tokunbo ba laifi, amma faifan da za ka ɗora wa amana ka yi ƙoƙari ya zama sabo. In dole ta sa ka sayi tsoho, kowane faifai na riƙe da lissafin awannin da ya yi a kunne, kuma manhaja kyauta irin CrystalDiskInfo na nuna shi. Shekara ɗaya awa 8,760 ce. Wanda aka miƙo mini da farko ana cewa “kamar sabo” awa 30,000 da ɗoriya ya nuna, wato ya haura shekara uku yana aiki ba hutu. Haka kuma akwai jabun filash da jabun SSD da ake rubuta musu girman da ba su da shi. Maganinsu shi ne ka cika su taf da bayanai ka sake karantawa kafin ka yarda da su, akwai manhajar H2testw da ke yin wannan gwaji.

Da na dawo Ibadan na ɗora mata OpenMediaVault, wata manhaja ce ta kyauta da aka gina a kan Linux don irin wannan aiki. Na shiga saitin farko na na'urar na zaɓi cewa duk lokacin da wuta ta dawo ta kunna kanta. Na jona ta a layin inbata, ta bayan abin kariya daga hauhawar wuta, saboda tsawar daminar garin nan ba ta da wasa. Sannan na sa ma'auni. Wat 5 a zaune. In tana kwafa, faifan gefe na juyawa, 9 ko 10. Na kira uwargida ta zo ta gani. Ta kara kunne a jiki, ta ce, “Wai a kunne take?” Wannan tambaya ita ce sakamakon jarrabawar.

Wurin ajiyewa ma sai da muka yi shawara. Saman sif ya yi kusa da rufin kwano, can zafi ke taruwa. Ƙasa kuwa ga yara, ga ruwa, don waɗanda suka ga ambaliyar watan Agustan 2011 a garin nan ba sa ajiye abu mai daraja a daɓe. Muka kafa ƙaramar kanta a tsakiyar bango, na tsai da ita a tsaye yadda iska za ta bi ta ramukan. Rashin fanka na da wata riba da ban yi tsammani ba: ba ta zuƙar ƙurar hunturu zuwa ciki kamar yadda tsohuwar ta yi. Sai dai kyankyaso da kiyashi na son wuri mai ɗumi, don haka duk wata nakan sauke ta in kaɗe. Wata rana na dawo daga kasuwa na tarar Inna ta lulluɓe ta da kyakkyawan ƙyalle mai ado, irin wanda ake rufa wa talabijin. Na taɓa, ta yi zafi rau. Na ce, “Inna, wannan ba ta son mayafi, ta jiki take numfashi.” Ta ce, “To, Allah ya kyauta, abin zamani sai ku.”

Da zan tsaya a nan da na yaudari mai karatu. Faifai biyu a ɗaki ɗaya suna maganin mutuwar faifai, amma ba sa maganin gobara, ko ɓarawo, ko aradu. Mu da muke zaune nesa da gida mun san wannan fiye da kowa. Duk wanda ya ga abin da ya faru a kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021 ya san yadda shago da abin da ke cikinsa ke zama toka kafin a yi azahar. Masana ajiya na da wata ƙa'ida: kwafi uku, a kan abubuwa iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam. Na uku namu yana Kano, a ɗakin yayata. Faifai biyu nake juyawa: duk wanda zai tafi gida cikin dangi na amana, sai in ba shi wanda na cika, ya karɓo mini wancan. Hanyar da kaset ɗin Baba suka bi, ita faifan ke bi yau.

Na kuma ƙi buɗe rumbun ga intanet. Sai wanda ke cikin gida, a kan rautarmu, yake ganinsa. Takardun gida da hotunan iyali ba abin da za a bar wa ƙofa a buɗe ba ne, ni kuwa ban kai gwanin da zai yi gadin irin wannan ƙofa ba.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ya fi yi mini nauyi. Wani dare ina kwance, ɗakin tsit sai fanka, ɗan koren hasken na'urar na ƙyaftawa a bango, sai na tuna Baba bai bar mana mabuɗin adakarsa ba, sai da muka kira maƙeri. Na ce, to ni fa? In ta Allah ta kasance gobe, wa zai buɗe wannan? Da safe na rubuta kalmar sirri da bayanin inda kowane kwafi yake, da Hausa, baƙi da fari, na sa a ambulan tare da takardun gida. Na zaunar da uwargida da babbar 'yata na nuna musu yadda ake shiga, da yadda za a cire faifan gefe a jona shi a kowace kwamfuta a karanta. Shi ya sa ma ban ajiye komai a wani tsari mai wuyar buɗewa ba, hoto hoto ne, murya murya ce.

Yanzu kusan shekara ke nan. Batir na kai mu asuba, ba wanda ya sake maganar barin ɗaki. Ranar Juma'ar da ta wuce na shigo na tarar Inna a falo, jikarta ta riƙe mata waya, suna sauraren kaset na bakwai, inda Baba ke gaya wa ƙaninsa farashin huhun goro, yana ƙorafin ruwan sama ya hana mota fita, yana cewa a gaida kowa da kowa. Inna ba ta ɗago ba. Ta dai ɗaga mini hannu alamar in yi shiru, sai na zauna a bakin ƙofa muka ƙarasa ji tare.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bari.